Jagorar zagayen tsofaffin biranen Bahar Rum a jirgin ruwa, daga neman biza zuwa ranar sauka

Jirgin ruwan yawon buɗe ido masauki ne mai tafiya. Ka kwanta a Barselona, ka wayi gari a gaɓar Faransa, jibi kana Italiya, kuma sau ɗaya tak za ka kwance akwatinka. Da daddare yake tafiya, da safe ya tsaya a gari, kafin magariba ya ɗaga. Saboda haka abin da kake da shi a kowane birni bai wuce sa'a takwas zuwa sha ɗaya ba, kuma a cikinsu ne za ka fita daga tasha, ka shiga gari, ka bi layi, ka ci abinci, ka yi sallah, ka dawo. Wanda bai yi lissafin waɗannan sa'o'in tun daga gida ba, cikin bas da bakin ƙofar shiga zai ƙare ganinsa.

Zaɓen hanya

Hanyoyi uku ne suka fi yawa, kuma kowace takan ɗauki kwana bakwai. Ta yamma tana zagaya Barselona, Marseille, Genoa, Civitavecchia, Napoli ko Palermo, wani lokaci da Malta ko Palma. Ta gabas tana tashi daga Piraeus, tashar birnin Atina, ta bi tsibiran Girka irin su Mykonos, Santorini da Rhodes, ta taɓa Turkiyya a Kusadasi ko Santambul. Ta uku tana bin tekun Adriatic: Venice, Split, Dubrovnik da Kotor.

Ga mai koren fasfo da zai yi wannan tafiya karon farko, ta yamma ta fi sauƙi. Italiya, Faransa, Sifaniya da Malta duk suna cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ke amfani da biza iri ɗaya, don haka biza ɗaya ta wadatar. Kamfanonin jiragen ruwa na MSC da Costa suna bin wannan hanya har cikin hunturu, kuma suna ɗaukar fasinja a tashoshi da dama, sai ka zaɓi garin da tikitin jirgin samansa ya fi maka araha.

Kada sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a talla ya ruɗe ka. In an ce Rum, Civitavecchia ake nufi, kuma tsakaninsu kilomita 80 ne. In an ce Florence, a Livorno za a tsaya, wajen kilomita 90 daga can. Venice kuwa ta hana manyan jirage shiga tsakiyarta tun watan Agustan 2021, yanzu a Marghera, Ravenna ko Trieste suke tsayawa, kuma na biyun nan tafiyar sa'a biyu ko fiye ce. Akwai kuma garuruwan da kana sauka ka shiga tsohon gari da ƙafa: Napoli, Palermo, Valletta, Malaga, Rhodes, Kotor da Santambul. Hanyar da ke da irin waɗannan guda uku ko huɗu ta fi wadda ke cike da manyan sunaye masu nisa, musamman in da tsofaffi ko yara a tafiyar. Kafin ka biya ko kwabo, nemi jadawalin da ke nuna ƙarfe nawa jirgi zai iso kowace tasha da ƙarfe nawa zai tashi, da kuma ranar mako. Tsayawa a Rum ranar Lahadi na nufin gidajen tarihin Vatican a rufe suke, in ba Lahadin ƙarshen wata ba. Fadar Topkapi ta Santambul ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar birnin kuma ranar Lahadi.

Mayu, farkon Yuni, Satumba da Oktoba su ne watannin da suka fi daɗi. Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, kuma kada ka ce ai ka saba da zafin Sakkwato: a gida babu mai hawa dutse da tsakar rana yana bin layin sa'a guda. A waɗannan watannin ne iska mai ƙarfi ke kaɗawa a tekun Girka, har jirgi ya fasa tsayawa a Mykonos. Hunturu ya fi araha, amma rana gajeriya ce, teku kuma ta fi tashi, musamman tsakanin Barselona da Marseille.

Biza

Nan ne tafiyar mutanenmu ta fi lalacewa, don haka a fara da wuri. Ana iya neman bizar Schengen tun saura wata shida, kuma wata uku zuwa huɗu shi ne daidai, domin samun ranar ganawa kaɗai kan ci makonni. Dubawar kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, wadda kan zama VFS Global, TLScontact ko BLS gwargwadon ƙasar. Mazauna Nijar su tuna ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, sai a tsara tafiyar a kan ƙasar da za a iya neman bizarta.

Ƙasar da za ka nema ita ce wadda za ka fi daɗewa a cikinta. In kwanakin sun yi kunnen doki, sai wadda za ka fara shiga. Jirgin da ke tashi daga Barselona amma yana tsayawa sau uku a Italiya na iya jawo gardama a kan wannan. Maganinta shi ne ka ƙara kwana biyu a otal a garin da za ka hau jirgi, lissafin ya fito fili.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci: ka nemi biza mai shiga sau da yawa, ka kuma duba abin da aka buga maka in fasfo ya dawo. Duk jirgin da ya tsaya a Turkiyya, Tunisiya, Montenegro ko Albaniya ya fita daga Schengen, dawowarsa Girka ko Italiya shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya za a tsayar da shi tun a tashar farko, ba za a bar shi ya hau ba, kuma cewa "ai ba zan sauka a can ba" ba ta fisshe shi. Kuroshiya ta shiga Schengen ranar 1 ga Janairun 2023, saboda haka Dubrovnik da Split ba matsala ba ne. Ga kowace tashar da ke wajen yankin, rubuta wa kamfanin jirgin ka faɗi irin fasfonka, ka nemi amsa a rubuce kan ko kana buƙatar wata biza, ka tabbatar da ita a ofishin jakadancin ƙasar, ka buga ta a takarda ka riƙe.

Takardun da za ka haɗa sun ƙunshi fasfo da aka bayar cikin shekara goma, mai shafi biyu babu komai. Dokar Schengen tana so wa'adin fasfo ya kai wata uku bayan ranar fita, amma kamfanonin jirage da yawa wata shida suke so, sai ka bi nasu. Sai shaidar kama ɗaki a jirgi mai ɗauke da jadawalin tashoshi, tikitin jirgin sama, otal, inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, bayanan asusun banki na wata shida, takardar aiki da ta hutu, ko takardun rajistar kamfani ga ɗan kasuwa. In da yara, takardar haihuwa da amincewar mahaifin da ba ya cikin tafiyar. Kuɗin aro da aka zuba a asusu ana saura mako guda ba ya ɓoyuwa ga mai dubawa, haka nan takardar otal ta bogi da wasu dillalai ke haɗawa. Duka biyun suna jawo ƙi, kuma ƙin yana zama a rumbun bayanansu.

Kamfanin jirgi ba ya mayar da kuɗi don an hana ka biza. Karanta sharuɗɗan sokewa, ka zaɓi farashin da kafin alƙalaminsa ke dawowa ko da ya ɗan fi tsada, ka kuma tsara yadda amsar biza za ta fito kafin ranar cika kuɗi, wadda kan faɗo wata biyu zuwa uku kafin tafiya. Riƙe katin allurar shawara tare da fasfo.

Ɗaki da ainihin kuɗin tafiya

Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan ninki. Ɗakin ciki ba shi da taga, shi ne mafi araha, kuma a hanyar da kullum ana ƙasa babu laifi a kansa, sai dai agogo ne kawai zai gaya maka asuba ta yi. Sai mai taga, sai mai baranda. Ga mace mai lulluɓi baranda tana da amfani na daban, domin wurin shan iska ne da babu idon kowa, tunda bakin wurin ninƙaya na saman jirgi ba kowa ne zai iya zama ba. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa, don nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Duba taswirar jirgin ka guje wa ɗakin da ke ƙarƙashin gidan rawa ko wurin cin abinci na sama, inda ake jan kujeru tun kafin gari ya waye.

Farashin ya ƙunshi ɗaki da abinci a babban zaure da wurin ɗiba da kanka. Bai ƙunshi ladan ma'aikata ba, wanda ake ɗora wa kowane babba kullum, daga kimanin yuro 12 a kamfanonin Turai zuwa dala 16 ko 20 a na Amurka. Bai ƙunshi ruwan gora da lemo ba, ko intanet, wanki, ganin likita da fita yawon gari. Girka ta ƙara harajin yuro 20 ga duk wanda ya sauka a Santorini ko Mykonos a tsakiyar bazara tun 2025. Fakitin abin sha mai tsada na masu shan giya ne, kai na ruwa da lemo da shayi ya ishe ka.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne abin biya, kuma ana ɗaure shi da katin banki. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, don haka katin asusun dala ya fi, ko ka ajiye tsabar yuro a teburin karɓar baƙi su riƙa cira. Kamfani kan riƙe wani adadi a katin banki, kuma sakinsa kan ɗauki makonni bayan an sauka, saboda haka kada ya zama katin da za ka biya otal da shi. Tsabar kuɗin da ta kai yuro 10,000 dole a bayyana ta ga kwastan.

Abin da za a ɗauka da abin da za a bari

Kilishi, dambun nama da man shanu su zauna a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu. Turaren wuta, kasko, gawayi, kyandir, dutsen guga da tukunyar dafa ruwa ta lantarki duk za a ƙwace su a bakin jirgi, don babu abin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara. Turaren fesawa da humra babu laifi. Ɗauki ƙaramar buta ta roba, tunda banɗakin jirgi ba a yi shi don masu tsarki da ruwa ba, da sallaya mara nauyi, da soket mai ƙafa biyu zagaye irin na Turai. Takalmi shi ne kan gaba: mai rufi, mai ƙasan roba, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Titunan tsofaffin biranen nan duwatsu ne, marmarar kangayen Acropolis na Atina da ta Ephesus a Turkiyya kuma ta sha ƙafafu har ta yi santsi. Maganin hawan jini ko na suga a kwalinsa na asali, da ƙarin na mako guda, a jakar hannu. Mace mai ciki da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiya ba a ɗaukarta, kamfanoni da yawa kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba.

Ranar hawa

Ka isa garin kwana ɗaya kafin ranar, biyu ma ya fi. Daga Kano, Abuja ko Yamai yawanci sai an yada zango a Alƙahira, Santambul, Doha, Kasablanka ko Addis Ababa, kuma jinkirin sa'a uku a can ya isa ya raba ka da jirgin ruwa. Akwatin da ya maƙale a hanya ma yana buƙatar kwana guda ya cim maka.

Yi rajista ta intanet tun a gida, ka buga takardar hawa da alamun da ake liƙa wa akwati. A tasha za ka miƙa manyan akwatuna, kuma ba lallai su iso ɗaki kafin dare ba, don haka fasfo, magani, caja da kaya ɗaya na canji su zauna a hannunka. Atisayen ceto wajibi ne kafin jirgi ya tashi, dokar da aka tsaurara bayan haɗarin jirgin ruwan Costa Concordia a 2012. Je wurin taruwarka a duba katinka, ka ƙirga ƙofofin da ke tsakanin ɗakinka da matakala. Jirgi na barin gaɓa ka sa wayarka a yanayin jirgin sama. In ba haka ba za ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda ke cinye kuɗi cikin mintuna ko da ba ka taɓa ta ba.

Lissafin yini a ƙasa

Daga baya ake fara lissafin. Lokacin da ya dame ka shi ne na rufe ƙofa, wanda kan riga tashin jirgi da minti 30, ko sa'a guda a inda ƙananan jirage ke jigilar mutane zuwa gaɓa. Ana rubuta shi a takardar shirin yini da kuma allon bakin ƙofa. Ɗauki hotonsa kowace safiya, tare da lambar wakilin jirgi na wannan tashar. Bi agogon jirgi, kada ka dogara da na waya, domin Girka tana gaban Italiya da sa'a ɗaya, kuma waya kan canza da kanta.

Ga misalin Rum. Jirgi ya iso 7:00, zai tashi 19:00, ƙofa 18:30. Ka sauka 7:30, motar tasha ta fitar da kai bakin ƙofa, daga nan ka kai tashar jirgin ƙasa, da ƙyar ka hau kafin 8:30. Zuwa Roma San Pietro kusa da Vatican sa'a ɗaya ce, zuwa Termini, babbar tashar birnin, wajen sa'a ɗaya da minti 20. Na dawowa, ka hau wanda zai bar maka jirage biyu a baya ko da shi ya samu matsala, wato wajen ƙarfe 3:30 na yamma. Abin da ya rage sa'a shida ne. Colosseum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, da kangayen Forum da ke gefensa za su ci uku. Vatican ma uku zuwa huɗu. Haɗa su biyun a yini ɗaya gudu ne kawai, ɗauki ɗaya, ka cike da Pantheon da maɓuɓɓugar Trevi da ƙafa. Tikitin takarda na jiragen yanki a Italiya sai an buga masa hatimi a na'urar bakin dandamali kafin a hau, in ba haka ba tara ce. Yajin aikin jiragen ƙasa ba baƙon abu ba ne a can, amma ana sanar da shi tun da wuri, sai ka duba ranarka.

Yawon da kamfanin jirgi ke shiryawa ya ninka na kanka tsada, sau biyu ko uku, amma in bas ɗinsu ta makara jirgi yana jira ko su ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in wurin ya wuce tafiyar sa'a ɗaya da rabi, bi nasu. In gari a bakin tasha yake, kuɗin asara ne.

Manyan wurare yanzu tikiti mai lokaci suke sayarwa. Saya a shafin hukumar wurin makonni kafin tafiya, da sunan da ke fasfonka, kuma ka ba da tazarar sa'a biyu da rabi daga isowar jirgi.

Biranen

Malaga, a kudancin Sifaniya, ita ce ƙofar Andalus. Fadar Alhambra tana Garnaɗa, kusan kilomita 130, birnin da ya zama daular Musulmi ta ƙarshe a can har 1492. Fadojin Banu Nasr da ke ciki su ne zuciyar wurin, tikitinsu yana da lokacin shiga, ana duba fasfo, wanda ya makara kuma ba ya shiga. Yakan ƙare makonni kafin rana. In bai samu ba, jirgin ƙasa mai sauri yana kai wa Ƙurɗaba cikin kimanin sa'a guda, inda masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785 yake. Majami'a ce yanzu, masu gadi ba sa barin a yi sallah a ciki. Wanda ba ya son nisa, ganuwar Alcazaba ta ƙarni na 11 tana cikin Malaga, da ƙafa ake zuwa.

Palermo, a tsibirin Sisiliya na Italiya, ba ta cika samun yabon da ya kamace ta ba. Musulmi sun karɓe ta a 831, kuma ko bayan mulki ya koma hannun Normandawa masu sana'arsu sun ci gaba da aiki. Rufin katako na Cappella Palatina, majami'ar cikin fada, aikinsu ne, kuma a fadar Sarki Roger na biyu ne al-Idrisi ya kammala taswirar duniyarsa a 1154. Da ƙafa ake zagaya su duka, a biya ta kasuwar Ballaro.

Daga Napoli, jirgin ƙasa na Circumvesuviana yana kai wa tashar Pompei Scavi cikin kimanin minti 40. Aman wutar dutsen Vesuvius ya binne garin Pompei a shekara ta 79. Kangon garin faɗi gare shi, inuwa kaɗan, sa'a uku da gorar ruwa. Jirgin kan cika maƙil, kuma 'yan sane sun san shi, kamar yadda suka san titin La Rambla na Barselona da jiragen ƙarƙashin ƙasa na Rum. Aljihun gefe na kaftani ba wurin waya ba ne a nan. Jakar da ake ratayawa ta gaba, ƙarƙashin riga ko mayafi, ita ce daidai.

Daga Piraeus jirgin ƙasa na cikin gari yana kai wa tsakiyar Atina cikin kusan rabin sa'a. Acropolis ta ƙayyade mutum 20,000 a yini tun 2023, kuma hukuma kan rufe ta da tsakar rana in zafi ya tsananta, don haka nemi tikitin safe. Santorini kyakkyawa ce amma ita ce tashar da ta fi wahala: ƙaramin jirgi zai kai ka gindin dutse, sannan motar igiya mai ɗaukar mutum 36 a sawu ɗaya, ko matakala kusan 600 da ake rabawa da jakuna da alfadarai. In jirage uku suka haɗu, layin saukowa kan wuce sa'a guda. Shiga layin saura sa'a biyu.

A Santambul jirgi yana tsayawa Galataport, taragon T1 kuma yana kai ka Sultanahmet cikin mintuna. Aya Sofiya, ginin 537, ta koma masallaci a 2020, kuma tun 2024 'yan kallo na biyan yuro 25 su hau bene, ƙasan na masu sallah ne. Masallacin Sultan Ahmad yana fuskantarta. A Topkapi, fara da ɗakin amanoni masu tsarki kafin layi ya yi tsawo. Daga Kusadasi, kangayen Ephesus tafiyar kusan kilomita 20 ce, kuma yawon mai araha kan ƙare a shagon darduma, inda za a cinye maka sa'a guda. Faɗa wa direba tun farko ba ka so. Valletta, babban birnin Malta, wadda aka kafa a 1566, lif ne ke ɗaga mutum daga bakin ruwa zuwa lambun Barrakka, rabin yini ya ishe ta, sauran a kai shi tsohon birnin Mdina.

Sallah, abinci da lafiya

Alƙibla a Bahar Rum kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da muka saba ba, kuma tana ƙara karkata kudu in an matsa Girka da Turkiyya. Kamfas ɗin waya yana rikicewa a cikin jirgi saboda ƙarfe. Tashar talabijin ɗin ɗaki tana nuna inda jirgi ya dosa, da ita za ka kwatanta. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Barselona sai kusan 9:30 na dare, saboda haka sauke jadawalin kowane gari tun kana da intanet. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, a tambayi malami kafin a tashi. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana nesa da wuraren tarihi, ƙananan masallatan kusa da Termini sun fi kusa.

Naman halal ba tabbas ba ne a jirgi. Nemi shi a rubuce lokacin kama ɗaki, ka maimaita wa shugaban masu hidimar zaure a daren farko. In babu, kifi, ƙwai, taliya, shinkafa da ganye sun wadatar. A takardar abinci ka kula da maiale, prosciutto, pancetta, guanciale da strutto a Italiya, da cerdo, jamón da chorizo a Sifaniya, duk alade ne. Ana zuba giya a risotto da wasu miya da kayan zaƙi, sai an tambaya. Wanke hannu da sabulu kafin kowane ci, domin ƙwayar cutar amai da gudawa da ke yawo a jirage ba ta cika jin man shafawa na barasa ba. Maganin jiri kuma kafin teku ta tashi ake shan sa.

In jirgi ya tafi ya bar ka

Kira wakilin tashar nan take. In fasfonka yana jirgi, yawanci wurinsa ake barin sa. Kuɗin cim ma jirgi a tasha ta gaba naka ne, kuma in tashar tana wajen Schengen sai bizarka ta ba da dama. Shi ya sa kowace fita ka riƙe katin banki, hoton fasfo da biza, da maganin kwana biyu. A inda aka ce a fita da fasfo na asali, a fita da shi. Lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai da Turkiyya 112 ce.

Sauka

Ana saura kwana biyu duba lissafin kuɗinka a talabijin ɗin ɗaki ko manhajar kamfani, ka gyara kuskure kafin layin daren ƙarshe. A wannan daren ake ajiye akwatuna a bakin ƙofa da alama mai launi, sai ka ware kayan da za ka sa da safe. Ana fara fita wajen 7:00, rukuni-rukuni, har zuwa 10:00. Kada ka sayi tikitin jirgin saman da zai tashi kafin 1:00 na rana, musamman daga Civitavecchia, inda filin Fiumicino ke da nisan kusan sa'a guda a mota. In ka yi sayayyar da ta haura yuro 70 a shago ɗaya a Italiya, karɓi takardar mayar da haraji da fasfonka, a tantance ta a filin jirgin da za ka bar Tarayyar Turai kafin ka miƙa akwatin da kayan ke ciki. Duba kwanakin da aka rubuta a bizarka tun kafin ka ƙara ko kwana ɗaya a otal, domin ranar shiga da ranar fita duk a cikin lissafi suke.